Sunan Da Dada Ta Kira A Saman Lilo

"Ina kwana, amarya? An tashi lafiya? Ya gajiyar jiya, ya kuma maƙogwaro?"

"Jam, lafiya. Koma inda ka fito, ba na nan."

"To wa ke amsa mini a bayan labule?"

"Gawata ce. Je ka sanar da mutane su zo su ɗauke ni, kai ma ka samu shinkafar sadaka ka ci, miji marar cefane."

Muktar ke nan da kakarsa, Dada Suwaibatu, a gidanmu na Shamaki, washegarin yawon Sallah. Ni ce Bashira, autar Dada. Ina bakin famfo ina wanke-wanke, kuma ba zan yi ƙaryar cewa hankalina yana kan kwanukan ba.

Bari in ɗan yi wa wanda bai san gidanmu ba bayani. Mu Fulani ne. Shanun sun daɗe da ƙarewa, kunyar ce ta ƙi ƙarewa. Dada ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, wato Yaya Abdulmumini, mahaifin Muktar. Ana yaye shi aka miƙa wa goggonsa, a can ya girma. Yanzu har furfura ta fito masa, amma in ya zo gaisuwa ran Juma'a a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta juya fuska bango, ta ba shi "lafiya" guda biyu ta sallame shi. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan" ko "mutumin GRA". Har mai shagon layinmu da ya yi rashin sa'a sunansa Mumini, "mai sabulu" take ce masa. Ni kuwa auta, sunana ya ga ta kansa a bakinta, tun daga asuba har a kwanta.

To jiya, a filin wasan nan da ke can gaba da GRA, a saman babban lilon ƙarfe, a gaban rabin mutanen Gombe, Dada ta buɗe baki ta ƙwala wa ɗanta kira da cikakken sunansa. Tun da suka dawo ta shige ɗaki ta saki labule, ko tuwo ba ta taɓa ba. Abu ɗaya ke cin ta: Yaya ma yana cikin filin da iyalinsa, to ya ji ko bai ji ba? Ba ta da bakin tambayarsa. Mutum ɗaya ne ya san amsar, shi ne wannan ja'irin da ya tuɓe takalmi ya shige mata ɗaki ba tare da an ce ya shigo ba.

"Amarya, kin rame a kwana ɗaya," in ji Muktar. "Da kin ji maganata kin shiga motar Baba, da ba mu sha wahalar hanya ba. Mota mai sanyi, ya kawo miki har ƙofar gida."

"In shiga mota in zauna, wancan yana gaba yana ganina ta madubi? Ka ga na yi kama da dangin uwarka Kanawa, masu cin gyaɗa a tsakiyar titi?"

"Shi ya sa kika ja ni bakin titi muka yi ta tare keke mai ƙafa uku cikin rana, ranar da duk Gombe ta fito."

"Ai mijin kirki da abin hawansa yake zuwa. Kai ko jaki ba ka da shi."

"Ina da digiri."

"A hau shi a je ina?"

"Keken da muka samu ma, kin bari mun tafi lafiya? Muna matse da wata baiwar Allah mai ɗauke da cinyar rago a bokiti, kika tsare ta da tambaya. 'Yar gidan wa ce, su wa ye kakanninta. Tana cewa ita Babarbariya ce, kika miƙa hannu kika ce ta sauke miki cinyar."

"Haƙƙina na nema. Kayan Babarbare ai na Bafillatani ne, ita ma ta sani, shi ya sa ta yi dariya."

"Mai keken kuma kin hana shi sakat. Ya yi gudu kin ce zai kashe ki. Ya rage gudu kin ce takarkarin babanki ya fi shi sauri."

"Ƙarya na yi? Keken da ya kai shataletale ya yi tari ya mutu, wai mai ya ƙare. Ka taɓa jin takarkari ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce mai ya ƙare?"

"Sai acaɓa."

"Kada ka tuna mini."

"Kika ce ke ba za ki jingina da bayan ƙato ba, sai dai ni in shiga tsakiya. Na shiga. Ba ki riƙe ƙarfe ba, ba ki riƙe rigata ba, kunnuwana kika kama. Duba nan, har yanzu zafi suke."

"Allah ne ya yi maka su kamar faifai, ni kuma na ga wurin riƙo."

"Muna shiga GRA kika sa aka tsayar da babur, kika ce kin sauka ke nan, da ƙafa za mu ƙarasa."

"Ciyawa na gani. Ciyawa kore shar a ƙofar wani gida, ana ba ta ruwa da tiyo, kuma ko akuya ɗaya babu a kanta. Na tambayi mai gadi wa ke cin ta, ya ce ado ce. Ado. Mutanen nan akwai bayanin da za su yi gobe ƙiyama."

"Ai gida-gida kika bi kina duba ciyawar mutane, ni ina binki a baya da takalmin Sallah yana cizona. Da muka zo kwanar gidanmu kuwa, sai kika ja mayafi kika rufe fuska."

"Rana ce."

"Na gan ki kina leƙe ta ƙasan mayafin."

"Mangwaron da ke ƙofar nake dubawa."

"Babu mangwaro a ƙofar gidanmu, Dada. Dogon yaro ne."

Ni dai na san rabonta da gidan Yaya tun sunan ƙanwar Muktar, shi ma a ɗakin baƙi ta wuni, ta gudo kafin ya dawo daga masallaci.

"Ni abin da na gani a filin naku ma," ta ce, don ta kau da zancen, "ban ga na zuwa ba. Dawakan roba suna zagaye wuri ɗaya ba su je ko'ina ba, ƙarti da gemu suna tsaye suna tafi. Can kuma ƙananan motoci suna karo da juna da gangan, kowa na dariya. A titi in aka yi haka ai sai ofishin 'yan sanda."

"Na saya miki ayiskirim don ki san kin auri ɗan birni. Me kika yi da shi?"

"In tsaya ina lasa a gaban jama'a kamar kyanwa?"

"Sai kika ɓoye shi cikin mayafi, wai sai an zo gida. Kafin mu kai wurin lilo ya bi hannunki ya sauka har gwiwar hannu, ƙudaje suna yi miki rakiya."

"Nonon da bai iya zama a ƙwarya ba, ai ba nono ba ne."

"To mu zo kan lilo. Wa ya ce ki hau?"

"Kai, la'ananne."

"Ni cewa na yi ki zauna a benci ki yi kallo, wannan ba na tsofaffi ba ne. Kika miƙe kika ce ke kin haye kogin Gongola riƙe da wutsiyar saniya kina 'yar budurwa, ƙarfen nasara bai isa ya ba ki tsoro ba. Har mai karɓar tikiti ya ce, 'Hajiya, kin tabbata?' kika ce masa ya je ya tambayi uwarsa."

"Ai da gangan ka faɗa. Ka san in aka ce mini ba zan iya ba, an gama da ni."

Lilon da suke magana shi ne mai kama da kwalekwale, wanda ke tashi sama ta wannan gefe, ya dawo da gudu ya haye ɗaya gefen. Ni ko da kuɗi aka haɗa ni ba na hawansa.

"Da ya fara," in ji Muktar, "kika ce, 'Wannan ne abin? Ai goyo ya fi shi jijjiga.' Da ya ƙara sama kika kama salati. Da ya ƙara kika koma Fulatanci, har wata mata a bayanmu tana cewa amin ba ta san me kike faɗa ba. Da ya kai ƙarshe, muka ga rufin gidajen Gombe a ƙarƙashin ƙafarmu, sai na ji..."

"In ka ƙarasa, ban yafe furar da ka sha a ɗakin nan ba."

"Ni ma ai ba zan iya faɗa ba, sunan ubana ne. Amma ke kin faɗa. Tun daga farkonsa har ƙarshensa, ba ki rage komai ba, kika ƙara da 'zo ka sauke ni'. Kuma ba sau ɗaya ba."

"Ɗan banza."

"Zage ni ta uba mana, tunda yanzu mun gano kin san sunansa."

Na ji mafici ya daki ƙofa. Dada ba ta taɓa iya saiti ba.

"To kai fa, jarumi?" ta ce. "Wa ya cusa kai a cinyata yana kiran 'Umma, Umma' kamar an kai shi kaciya? Hular Sallar taka ina take? Ba ita ce ta tashi ta faɗa kaskon mai awara ba?"

"Iska ce."

"Iskar ce ta sa maka hawaye? Kuma yarinyar nan ta Nasarawo da kake zuwa wurinta zance, mai farin gilashi, Najeeba. Tana layi tana kallo."

"Ba ta gan ni ba."

"Da muka sauko wa ya miƙo maka ruwan leda? Wa ya ce maka 'sannu' tana cizon leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata?"

Na leƙa ta gefen labule, na ga Muktar yana sosa ƙeya yana kallon tabarma. Wallahi sai da ya ba ni tausayi, don tun bara yake wa yarinyar nan ƙaryar shi ba ya tsoron komai.

"Gobe zan hau keke," in ji Dada, "tunda yanzu na san yadda ake tare shi. In je Nasarawo in gaishe da uwarta, in ba ta labarin namijin da zai riƙe mata 'ya."

"Haba amarya. Ai ba a haka tsakanin miji da mata."

"To a rufa wa juna asiri."

"A rufa."

Can Dada ta sassauta murya, ta yi kamar maganar ba ta dame ta ba.

"Wurin nan dai akwai hayaniya, ko?"

"Akwai."

"Ga kiɗa kamar zai fasa kunne."

"Ga janareta."

"Ga yara suna ihu. Mutum in yana ɗan nesa ai ba abin da zai ji."

"Ya danganta da mutumin. Wa kike nufi?"

"Mutum dai."

"Mai awara? Ta ji. Mai tikiti ma ya ji, har ya tambaye ni ko sunan maigidanki ne."

"Muktar, kada ka kashe ni da sauran kwanana. Wancan. Yana ina lokacin?"

"Me za ki ba ni?"

"Fura."

"Kullum ina sha."

"Jan zakaran nan."

"Ya tsufa, sa'anki ne."

"To me kake so?"

"Haƙorin Makka."

"Sai ka jira gawar da na ce maka ta tabbata, ka zo da filaya."

Muktar ya yi dariya, sannan ya gyara zama. Da ya sake magana, babu wasa sosai a muryarsa.

"Ba na son komai, Dada. Tambaya ɗaya zan yi. Ina kusa da ke, ba ki kira ni ba. Goggo Bashira da sunanta ba ya hutawa a bakinki, ba ki kira ta ba. Me ya sa shi?"

Na kashe famfo. Ban damu ba ko sun gane ina saurare.

Dada ta yi ƙasa da murya. "Ban sani ba," ta ce. "Da na ga ƙasa ta yi nisa, na ɗauka tafiyar ce ta zo. Sai na ga zan tafi ban taɓa kiransa ba. Ban yi niyya ba, bakin ne ya riga ni. Tun ranar da aka raɗa masa sunan nake kiransa a ciki, inda ba mai ji. Jiya ya kuɓuce." Ta ja hanci. "Uwata ta koma ga Allah ba ta kira babban yayanmu ba ko sau ɗaya. Ni ce na zo na zubar da abin a gaban masu suyar awara. Yanzu in ya ji, da wane ido zan amsa gaisuwarsa ran Juma'a?"

"To kwantar da hankalinki. Dama saƙo ne ya kawo ni. Baba ya ce in zo da safe in gaya miki bai ji komai ba. Ya ce kiɗa ya yi yawa."

"Alhamdulillahi," in ji Dada, da wata irin ajiyar zuciya da na jiyo har bakin famfo. "Alhamdulillahi. Allah ya rufa mini asiri. Bashira, ɗumama mini tuwon nan."

Ban motsa ba, don na san abin da ke tafe. Ba a daɗe ba kuwa.

"Tsaya," ta ce. "Wanda bai ji ba, ya aka yi ya san akwai abin da ba a ji ba?"

"Ni ɗan aike ne."

"Muktar."

"Ba ki lura lilonmu ya tsaya da wuri ba? Na waɗanda suka riga mu ya fi namu daɗewa."

"Ba wuta aka ɗauke ba?"

"Ba wuta ba ce. Najeeba ce ta ba ni labari, ita da ke ƙasa. Baba yana can wajen mai gugguru da yara, ya ji kiran farko ya tsaya cak. A na biyu ya saki ledar ya kwasa da gudu, da babbar riga da komai, takalmi ɗaya ya fita bai waiwaya ba. Ya kama mai injin ya ce, 'Tsayar da shi, uwata ce a ciki.' Da ya ga lilon ya fara tsayawa, sai ya zagaya bayan ɗakin janareta ya ɓuya, don kada ki sauko ki gan shi. A can ya tsaya cikin hayaƙi har muka fita."

Na leƙa, na ga Dada ta ja zane ta rufe kanta gaba ɗaya. Daga ƙarƙashin zanen nake jin tana cewa, "Na shiga uku. Na shiga uku ni Suwaibatu."

"Da na koma gida bayan magariba," in ji Muktar, "na same shi zaune cikin mota a ƙofar gida, bai kunna ba, bai fito ba. Ya kira ni ya ce, 'Kai da kake kusa da ita, cikakken sunan ta faɗa, ko ni ne kunnena ya ƙara?' Na ce cikakke ne. Ya ce, 'Ashe haka yake fita a bakinta.' Sai ya cire gilashinsa yana ta gogewa, alhali ba abin da ya same shi. Daga nan ya ba ni saƙon."

Ni kaina kunya ta kama ni a bakin famfo, kamar ni na yi kiran. Na kuma ji tausayin su biyun. Mutum ya yi furfura yana jiran abin da ni ake jefa mini tun safe har nake tsaki.

Na sake leƙawa ta gefen labule. Can sai zanen ya fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe ba shi kaɗai ba ne.

"Da takalmi ɗaya?" muryar Dada ta fito daga ciki.

"Ɗaya. Na dama."

"Da wannan tumbin nasa?"

"Najeeba ta ce har ya tsallake benci."

Dada ta yaye zanen, idonta jajir, tana dariya tana goge fuska da gefen ɗankwali. "Tun yana ɗan yaro haka yake, ba ya gudu sai ya yar da wani abu. Ina kallonsa ta taga a gidan goggonsa." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta yi maza ta haɗe rai. "To, ka ci, Kaɗo. Ka gama da ni. Jawo mini kwallar can ta ƙarƙashin gado."

Ya jawo. Ta fito da kwalabe biyu na man shanu, irin wanda ake kawo mata daga ruga, wanda ni ko na roƙa sai dai a lakato mini a cokali.

"Wannan taka ce, ka kai wa Najeeba ko ta manta da kukan da ka yi. Wannan kuma ka kai wa mutumin GRA."

"In ce masa me?"

"Ka ce na ji saƙonsa. Ka ce ni ma ban kira kowa ba."

"An gama, amarya."

Ya sa takalmi, ya rungume kwalaben, ya kai tsakar gida yana yi mini gwalo. Har ya kusa zaure sai ga Dada ta ɗaga labule, karo na farko tun jiya. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalle shi ba, jan zakaran take kallo.

"Kai miji. Lilon nan, sai da Sallah kawai suke kunna shi?"

"Kullum da yamma. Me ya faru, ba ke ce gawa ba?"

"An fasa. Ran Asabar ka zo da wuri mu tare keke. Ka kuma gaya wa mutanen GRA yara suna son gugguru."

"Shi ke nan?"

Ta saki labulen, ta ƙarasa daga ciki.

"Ka ce wa mai injin ya rage kiɗan."